Kawuna da Tanderun Garinmu

Washegarin rasuwar Kawu, masu shayin bakin tasha da yawa sun sayar da shayi babu burodi. Ba wanda ya ba da umarni. Labari ne ya zaga gari da yamma cewa tsohon ya cika, sai tsofaffin masu gidajen burodi suka ƙi hura wuta, kowa a gidansa, ba tare da sun yi shawara ba. Sababbin gidajen burodin da aka buɗe can bayan gari kuwa sun gasa nasu kamar kullum. Ina leƙe ta zaure lokacin da ake fita da makara, na ga wani mai babur ɗauke da kwandon burodi ya dakata har mutane suka wuce, sannan ya ci gaba da rabonsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. A hannunsa na girma, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, yau kuma ina koyarwa a Tibiri. A motar farko na shigo da safen ranar, amma ban ga fuskarsa ba, an riga an yi masa sutura. Mutane na tarar, da abin da kowannensu ya zo da shi a bakinsa.

Masu burodin sun zauna a tabarma ɗaya a ƙofar gida, dattawa masu tabon ƙuna a damtse, suna amsa addu'a. Mata masu suyar ƙuli-ƙuli sun shigo cikin gida a jere, ƙanshin man gyaɗa na bin zannuwansu, suna ba matar Kawu haƙuri. Ɗaya ta ce mata tun da aka gyara musu murhu idonta ya daina zubar da ruwa, kuma duk sanda ta tsuguna gaban kasko sai ta tuna da shi. Wata tsohuwa Kirista, mutuniyar Dogon Dutsi da aure ya kawo garinmu, ta zo da sandarta ta zauna kusa da randa, ta yi kuka mai sauti har aka riƙa kallonta. Mutanen meri, wato ma'aikatar magajin gari, sun zo cikin mota ɗaya, suka yi addu'a, suka ce ya yi wa gari aiki, suka tafi.

Sai matan ƙauyenmu na can gefen Kore Mairuwa, inda aka haifi Kawu da Innata. Ba su yi yawa ba. Sun zauna nesa da matan gari, gaisuwarsu kuma gajera ce. Da na durƙusa gaban babbarsu, ta dafa kaina ta ce, "Allah shi jiƙan shi, ɗiyata. Gari ya ci moriyar shi. Mu dai mun yi haƙuri." Ban tambaye ta ba, don na san inda ta dosa.

Da la'asar babban ɗan Kawu, mai shagon kayan waya a kasuwa, ya aiko a faɗa wa mata cewa zaman makoki kwana uku ne kawai. Ba sadakar bakwai, ba ta arba'in, haka malamansu suka karantar. Matar Kawu ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ban ga laifin ɗan ba, yana kan abin da ya yarda da shi ne. Amma abin ya tsaya mini a rai. Kwana uku a watse, shi ke nan, bayan shekara a manta ko wane ne. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san shi yadda yake, da abin da ya gyara da abin da ya ɓaci a hannunsa.

Duk wanda ya taɓa tafiya da Kawu cikin gari ya san ɗabi'arsa. Ba ya iya wuce tanderun wani bai ɗora bayan hannunsa a jikin bangon ba. In ya ji ɗumi kaɗan sai ya gyaɗa kai ya wuce. In bangon ya ƙona shi kuwa, sai ya leƙa ya kira mai gidan da ƙarfi: "Mi kake gasawa nan, burodi ko unguwa?" A wurinsa duk zafin da ya fito waje itace ne aka sare a banza. Muna ƙanana kunya yake ba mu. Ko ɗaurin aure za shi da manyan kaya sai ya ratse, ya dawo da baƙi a hannun riga, matarsa ta yi ta faɗa yana ji kamar ba da shi ake ba.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada wani ya ce na ɓoye. Yana da saurin fushi, kuma in ya yanke magana ba ya komawa ya duba ta. A tsaye yake cin abinci. In ka yi masa godiya sai ya ce "to, to," ya juya baya, kamar ka zage shi. Tari kuwa tun ina yarinya na san shi da shi, irin na mutumin da ya daɗe yana shaƙar hayaƙi, kuma da tarin nan muke gane ya shigo zaure mu nutsu.

Da farko tanderunsa irin na kowa ne: bango siriri, baki faɗi kamar ƙofar ɗaki, babu mafitar hayaƙi sai fuskar mai gashi. Yana saurayi ya je ci-rani bakin teku, ya yi aiki a wani gidan burodi inda ya ga tanderun da ɗan itace kaɗan yake riƙe wa zafi wuni guda, amma da ya dawo gida bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Itace na da araha, daji na nan. Abin da ya juya shi, ya sha ba mu labarinsa. Wata rana ya je ƙauye ya tarar da Kaka, uwarsu, ta dawo daga neman itacen girki rana ta take, da ɗan ƙullin da bai fi na dafa dawo ba. Dajin geza da sabara da ya sani a bayan gari, inda suka yi kiwon awaki suna yara, ya zama fako. Ya tambaye ta ina itacen wurin ya tafi. Ta sauke ƙullin, ta dube shi ta ce, "Wurinka ya tahi."

Yana dawowa ya sa gatari ya rushe tanderunsa. Ya sake gina shi da bango biyu, ya cika tsakaninsu da toka da ƙaiƙayi da aka kwaɓa da laka. Ya matse bakin, ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙofar ƙarfe. Ya fitar da bututu ta baya, da wani faifan ƙarfe da yake toshewa in wuta ta gama kamawa. Na farko bai yi ba. Burodin ya ƙone a sama, ciki ɗanye. Na biyu bangon ya tsage. Mun ci ɓataccen burodi da miyar kuka har muka tsani ganinsa, masu shayi suka koma wurin wasu, matar Kawu tana cewa ba ta taɓa ganin mutumin da ya rushe abincinsa da hannunsa ba. Da abin ya kama kuwa, amalanken itacen da a da yake ƙarewa kafin ranar kasuwa ta zagayo, sai ya ga kasuwa biyu har da saura.

A wannan lokacin ne mijin matar nan Kirista ya rasu. Shi ma mai burodi ne, kuma daminar da ta biyo baya ta kayar da tanderunsu, ta bar ta da 'ya'ya babu abin yi. Kawu bai je ya yi mata dogon jaje ba. Ya aika aka ce ta kwaɓa fulawarta ta zo da hantsi, in ya kwashe nasa ta sa nata, don sabon tanderun ba ya saurin hucewa. Ta ce ba ta da abin biya. Ya ce zafin da ya rage ba nasa ba ne, in ba ta zo ba iska ce za ta cinye shi. Wasu samarin kasuwa suka fara gunaguni, wai burodin da ake kaiwa coci ranar Lahadi daga gidan Musulmi yake fitowa. Ɗansa ya kawo masa maganar yana sunkuyar da kai. Kawu ya ce masa, "Ka ce masu tanderuna bai san addinin fulawa ba." Haka ta yi ta gashi a gidanmu har ta tsaya da ƙafarta, sannan ya je da magininsa suka gina mata nata.

Daga nan tunaninsa ya wuce gidansa. Da aka zo zaɓen majalisar meri, masu burodi da matan ƙuli-ƙuli suka taso shi gaba, ya zama konseye, wato wakilin jama'a a majalisar. Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, don haka ya manne wa wani matashin sakatare na meri, mutum mai natsuwa, shi yake karanta masa takardu yana rubuta masa abin da yake so.

Abin da yake so kuwa bai da yawa, amma bai taɓa sauka daga kansa ba. Duk mai sana'ar wuta, mai burodi ne, mai suyar gyaɗa ce, ko mai tukuba, in ya gyara tanderunsa ko murhunsa, a rage masa fatanti, harajin sana'a. Meri ta ɗauki nauyin koya wa magina sabon ginin. Ta ba da fili a gina babban tanderu ɗaya da ƙananan masu burodi za su riƙa bi da bi, kada kowa ya hura wutarsa don ɗan kwando guda. Sannan kada a ƙara ba kowa izinin buɗe gidan burodi sai da irin sabon ginin. Sauran wakilai suka yi masa dariya, suka sa masa suna konseyen toka. Su maganar rumfunan kasuwa da rabon fili ta dame su. Shi kuwa ko zancen kwalbati ake yi, in aka ba shi dama sai ya miƙe ya kawo tanderu. Wani daga cikinsu ya gaya mini wurin gaisuwa cewa ba hujjarsa ce ta ci su ba, gajiya suka yi.

Kafin a kai ga amincewa, sakataren ya zo gida wata ranar Asabar da hantsi. Ina hutu a lokacin, ni na kai musu ruwa zaure, na kuma ji abin da ya ce. Ya ce, "Baba, masu amalanke fa? In gari ya rage cin icce, su mi za su ci?" Ya ba da shawara a haɗa su cikin magana ɗaya: a nema musu wurin lambu a fadama, ko a ba su jigilar ɓawon gyaɗa da tubali, ko meri ta ɗauke su rainon itatuwa. Kawu ya girgiza kai. Ya ce da ƙyar ya ja mutanen nan zuwa bakin tanderu, in ya ƙara musu wani kaya gaba ɗaya za su zubar. A fara da wannan, na masu amalanke daga baya. Sakataren ya sake gwadawa. Kawu ya ce ya riga ya faɗa, daga baya.

Cikin masu amalanken nan har da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Shi ya zauna ƙauye ya riƙe gonar gado, gonar rairayi da geronta bai taɓa kai su damina ba. Da an gama girbi, shi da ɗansa sai su hau tudu saran geza, su loda amalanke su kawo gari. Da wannan suke cike shekara. Ɗan nasa taubashina ne, sa'ana kuma. Bai taɓa shigowa gidanmu bai tsokane ni ba. Yana ce mini baiwarsa, ya jefo mini ƙullin magarya ya ce ga ladan bauta, ni kuma in ce warin jaki yake yi, a ba shi ruwa a waje. Lokacin da nake magana a kai ya riga ya yi aure, matarsa na da goyo.

Dokar ta yi aiki, ba zan rage mata komai ba. Cikin 'yan shekaru yawancin gidajen burodin garinmu suka sake gini. Hayaƙin da yake rufe unguwarmu da safe ya ragu har ana ganewa. Matan ƙuli-ƙuli suka fara ganin riba a inda a da itace yake cinye ta. Aka riƙa zuwa daga wasu garuruwa ana kallon tanderun haɗin gwiwa, ana kiran Kawu ya yi bayani, shi kuma yana yi a gajarce yana duban agogo.

Amma a gefen kasuwa sai ka ga amalanke a jere da lodinsu har rana ta faɗi, jakuna na tsaye kai a ƙasa. Farashin itace ya karye. Wanda ya kwana biyu bai sayar ba dole ya ba da shi yadda aka taya.

Ran nan Kawu Ƙarami ya zo gida. Bai shiga ciki ba, a zaure suka tsaya, muna jin su daga tsakar gida.

"Yaya, iccena na tsaye kasuwa tun jiya. Kai ma ba ka saye ba."

"Wanda na saya bai ƙare ba."

"Na san bai ƙare ba. Gerona ne ya ƙare."

Kawu ya kira a fito da buhun gero. Kawu Ƙarami ya ce ba roƙo ya zo ba. Ya zo ne a madadin mutanen ƙauye, a sassauta dokar, a bar sauran masu tanderu su zauna yadda suke ko da na ɗan lokaci ne, har su samu wata madafa. Nan ran Kawu ya ɓaci. Ya ɗaga murya ya ce in sun gama sare tudun mi za su sayar, duwatsu? Ya ce su ne suka sa uwarsu yawon neman icce da tsufanta. Wannan kalmar bai kamata ta fito ba, don Kawu Ƙarami ne ya yi jinyar Kaka har ta rasu, kuma itacen da ya sara tanderun Kawu ne ya fara cinye shi. Sai muka ji Kawu Ƙarami ya ce, a hankali, "Ɗanka na cikin shago, nawa na bayan jaki. Shi ya sa kake iya jira." Ya fita. Bai sake taka gidan ba muddin Kawu na da rai.

Innata ta yi ta zirga-zirga tsakaninsu har ƙafarta ta gaji. A gari a ce mata tana goyon ƙauye, a ƙauye a ce ɗiyarta a gidan konseye ta ci ta girma.

Ranin da ya biyo baya taubashina ya sayar da jakin da amalanken, ya bi samarin da ke tafiya arewa haƙar zinariya. Bai biyo ta gidan Kawu ba. Daga tasha ya kira ni a waya, yana dariya, ya ce in shirya, in ya dawo zai fanshe ni daga hannun alli da allo ya sa ni wankin motarsa. Na ce ya fara sayen sabulun wanke warin jakin tukuna. Da farko yana kira, yana aiko wa gida ɗan abin da ya samu. Sai kiran ya fara nisa. Sai ya tsaya. Wani da ya dawo ya ce ya gan shi yana hawa mota zuwa can gaba, ƙetaren iyaka. Wani ya ce rami ya rufta a inda suke aiki, amma bai san su wa ke ciki ba. Ba wanda ya ga gawa. Ubansa ya ƙi karɓar gaisuwa, ya ce ba a yi masa mutuwa ba. Matarsa na nan a gidan, ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji. Goyon da ya bari yau ta isa aike.

Kawu bai taɓa ambaton sunan yaron a gabanmu ba bayan haka. Amma ya koma majalisa ya miƙe da maganar masu amalanke, irin yadda ya yi da ta tanderu. Wannan karon ba a yi dariya ba, an dai ce babu kuɗi, a jira baɗi. Kafin baɗin ta zo, al'amuran ƙasa suka juya, aka sallami majalisun, aka kawo masu riƙo. Iyaka ta rufe, ciniki ya tsaya, asusun meri ya bushe. Rangwamen fatanti bai samu mai tsaya masa ba, sai ya bi ruwa. Sakataren aka mai da shi wani gari. Tanderun haɗin gwiwa kuwa faɗan wa zai fara shiga ne ya kashe shi, don a da Kawu ne yake raba musu. Yanzu awaki ke fakewa ciki in rana ta yi zafi. Wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa, har wanda ya sayo injin gashi na zamani ya koma itace. Sababbin gidajen burodi suka tsiro a bayan gari da tsohon gini, don ya fi sauri ya fi araha, ba kuma mai tambayarsu izini.

Itace ya sake yin kasuwa, amma ba na mutanenmu ba. Manyan motoci ne suke kawo shi daga nesa, na manyan 'yan kasuwa. Masu amalanken ƙauyenmu sun riga sun sayar da jakunansu.

A shekarunsa na ƙarshe na lura ya daina taɓa bangon kowa. Mu wuce tanderun da zafinsa ke dukan fuska daga hanya, sai ya kau da kai.

Ranin bara, ciwon ƙirjin ya riga ya kama shi sosai, ya aiko in zo in raka shi ƙauye. Muka sauka bakin kwalta, muka hau babur cikin rairayi, yana tari ina riƙe da jakarsa. Kawu Ƙarami ya shimfiɗa mana tabarma gindin gawon ƙofar gida. Ya gaishe ni yadda ya saba, ɗiyata, ya aiki, ya yara. Da ya juya ga wansa sai ya ce, "Konseye, an zo lahiya?" Matar taubashina ta kawo ruwa da fura, ta durƙusa ta ajiye, ba ta ɗaga ido ba.

Kawu ya daɗe yana juya ludayi cikin ƙwarya bai sha ba. Ban taɓa ganin shi yana neman kalma ba sai ranar. Can ya ce, "Na zo ka yafe mani. Tanderun ban yi nadama ba, da za a sake sai in sake. Amma an ce mani in dube ku, na ce daga baya. Kuma na gaya maka magana kan Inna wadda ba gaskiya ba ce."

Kawu Ƙarami ya dubi ƙasa. Ya tambaye shi ya zafin gari, ya kuma hanya. Sannan ya ce motar yamma ba ta jira, gara mu kama hanya kada mu rasa ta.

A hanyar komawa Kawu ya sa mai babur ya tsaya gefen tudun. Tun da aka daina saran, geza ta sake tsirowa wuri-wuri, wata ta kai ƙugu, da sabara a tsakani, har wasu mata biyu na tsintar busassun rassa nan kusa da gari. Ya tsaya yana kallo, iska na kaɗa rigarsa da ta yi masa yawa. Ya ce, "Malama, kin ga ya tsiro." Na ce na gani, Kawu. Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki, ya ce, "To wa zai iya gaya ma uban yaron haka?"

Har yau maganar nan na raina. Na sha zama in auna. Da ya saurari sakataren, wataƙila majalisa ta zubar da komai, hayaƙi ya ci gaba da cin idon mata, tudun ya ƙare, taubashina ya tafi duk da haka, don samarin da ba su taɓa saran itace ba ma sun tafi. Wataƙila kuma da an samu ɗan lambu a fadama, yau yana nan yana tsokanata. Abin da na sani shi ne mutumin da ya fi kowa jin zafin ɓarna a garinmu ya yi gyara na gaskiya, kuma gyaran ya bi ta kan gidan ƙanensa. Duk wanda zai sake ɗaukar wannan aiki a meri, kuma dole wani ya ɗauka, ina roƙonsa ya fara tambayar wa ke cin abinci daga itacen da yake son a rage.

Bayan damina aka kai shi asibiti a Dogon Dutsi. Suka ce huhu ne, hayaƙin shekaru. Ya ce a mai da shi gida. Kwanakinsa na ƙarshe matarsa ta ce ba ya maganar komai sai tanderun, wa zai riƙe shi, don ya san ɗansa so yake ya mai da wurin ma'ajiyar kaya. Ba a ba shi amsa ba har ya cika.

Kawu Ƙarami ya zo jana'iza. Ban gan shi ba ranar farko, don bai shigo cikin gida ba. Maza suka ce ya iso ana gab da sa Kawu a kabari, ya tsaya can baya. Da liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, aka amsa gaba ɗaya an yafe, mutane da yawa sun juya sun dube shi. Bakinsa bai motsa ba. Ya zauna kwanakin makokin a ƙarshen tabarma, yana amsa gaisuwa, ba ya fara ta.

Ranar uku da hantsi ya aiko a kira ni, ya ce zai koma. Na ɗauki jakarsa na raka shi bakin kwalta. Ya tsufa ƙwarai, tafiyarsa ta zama irin ta wansa, har na riƙa kau da ido. Muka tsaya inuwar wani shago muna jiran mota. Ban yi niyyar tambayarsa komai ba, shi ya fara.

"Na san an gaya maki ban amsa ba."

Na ce an gaya mini, Kawu.

"Nawa na yafe ma Yaya tun ranar da kunka zo. Bakina ne ya ƙi buɗuwa, na ce in ya sake zuwa sai in gaya mashi." Ya dubi hanyar da motar za ta fito. "Yunwar da munka yi, da maganar zaure, duk na bar su. Amma liman ya ce a yafe duka, ni ko na yaron ba ni da iko da shi. Shi anka yi ma. In ya dawo, ki rako shi, ku tahi kushewar, shi faɗi da bakin shi."

Na ce in Allah ya yarda. Motar ta zo, ya shiga, na miƙa masa jakar ta taga.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya auna masa aikinsa da niyyarsa, ya rufa masa abin da ya kuskure. Ya ba ƙanensa haƙurin da ya fi wanda ya riga ya yi.

Duk ranar Juma'a, in na tashi daga lakwal, ina kiran lambar taubashina. Wata murya ce take amsawa da Faransanci, tana cewa ba a samun shi yanzu, a sake kira an jima. Ina sakewa.